DARASIN TARBIYYA: Kare Kai Daga Cin Zali A Makaranta Da Kan Hanya

Darasin wannan fitowa ya shafi wani abu ne da ba a cika rubuta shi a kan allo ba, alhali kowane ɗayanku yana buƙatarsa kullum, wato yadda yaro zai kare kansa da 'yan'uwansa daga cuta a cikin aji, da filin makaranta, da kan hanyar zuwa da dawowa. Ku karanta a tsanake. Wanda kuma yake da ƙane ko ƙanwa da ba su iya karatu ba tukuna, ya zaunar da su ya bayyana musu da bakin da za su gane.

GIRMAN AL'AMARIN

Da zarar an ce tsaro a makaranta, hankalin mutane yakan tafi ga 'yan bindiga, kuma suna da hujja. An kwashe 'yan mata 276 a Cibok a watan Afrilu na 2014. An kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disamba na 2020. A watan Mayu na 2021 kuwa, wata Islamiyya aka shiga a garin Tegina ta Jihar Neja, aka tafi da yara fiye da 100. Tsare makaranta daga irin wannan nauyi ne da ke kan hukuma da shugabannin jama'a, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar kare makarantu da aka ƙulla a birnin Oslo a 2015.

Amma fa akwai cutar da ta fi wannan yawa nesa ba kusa ba, wadda ba ta zuwa da bindiga, ba a kuma cika jin ta a rediyo. A 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, tare da taimakon UNICEF, ta yi bincike a kan cin zarafin yara a Nijeriya. Aka gano cewa yara 6 cikin 10 sun gamu da wani nau'i na cin zarafi kafin su cika shekara 18. Yarinya 1 cikin 4, da yaro namiji 1 cikin 10, an yi musu cin zarafin da ya shafi al'aura. Yawanci kuma wanda ya aikata mutum ne da yaron ya sani. Abin da ya fi ban tausayi shi ne, waɗanda suka sami taimako daga baya ba su kai 5 cikin 100 ba.

To me ya jawo haka? Babban dalili shi ne shiru. Yaro ya ji tsoro, ko ya ji kunya, ko ya ɗauka ba za a yarda da shi ba, sai ya haɗiye abin a cikinsa. Shi kuwa azzalumi da wannan shirun yake fakewa. Saboda haka abin da darasinmu zai koya maka daga farko har ƙarshe shi ne, ka san cuta in ka gan ta, sannan ka buɗe baki ka faɗa.

MENE NE CIN ZALI?

Ba kowane faɗa ake kira cin zali ba. Sa'o'i biyu sukan yi musu a kan biro ko wurin zama, su yi cacar baki, kafin a tashi sun shirya. Wani malamin jami'a mai suna Dan Olweus, wanda ya yi aiki a ƙasar Norwe, shi ne ya yi fice wajen nazarin wannan matsala. A 1982 wasu yara uku sun kashe kansu a ƙasar saboda tsangwamar da suka sha a hannun 'yan makarantarsu, abin da ya sa gwamnati ta tashi tsaye a 1983. Shi Olweus ya nuna cewa alamomi uku ne suke bambanta cin zali da faɗan yara:

1. Da gangan ake yi, domin a cutar.
2. Ana maimaitawa, yau da gobe da jibi.
3. Ƙarfi bai zo ɗaya ba. Mai yin ya fi wanda ake yi wa ƙarfi, ko shekaru, ko yawan abokai, ko muƙami irin na monita.

Ka duba da kyau, za ka ga ba duka kaɗai ne ya shiga wannan ma'auni ba. Ƙwace wa yaro kuɗin tara ya shiga. Laƙaba wa yarinya sunan banza saboda in'ina, ko launin fatarta, ko tsohon hijabinta, ya shiga. Haka nan a haɗa baki a ce kada kowa ya kula wane, ko siniya ya mai da ƙaramin ɗalibi baransa, wanki da ɗebo ruwa. Wani zai ce, "Haba Malam, ai wasa ne." To ga yadda za ka gane: in ku biyun kuna dariya, wasa ne. In kuwa kai kaɗai kake dariya, shi yana sunkuyar da kai, kuma ya ce ka bari ka ƙi, to ka fita daga wasa.

Wani rahoto da hukumar UNESCO ta fitar a 2019 ya nuna cewa kusan ɗalibi 1 cikin 3 a duniya an ci zalinsa a makaranta aƙalla sau ɗaya cikin watan da ya gabaci binciken. Ke nan in ku 45 ne a ajinku, da wuya a ce babu mai shan wannan wahala a cikinku, ko ka sani ko ba ka sani ba.

KAI DA KAKE TSAYE KANA KALLO

Wataƙila ka ce, "Ni ba na cin zalin kowa, ba kuma mai cin zalina, ina ruwana?" Ai kuwa da ruwanka. A ƙasar Finlan, masana na Jami'ar Turku sun tsara wani shiri mai suna KiVa, wanda aka baza a makarantun ƙasar daga 2009. Tushen shirin shi ne, mai cin zali suna yake nema a idon 'yan aji. Dariyarku ita ce ladansa, zagaye shi da kuka yi kuna kallo shi ne yake ƙara masa ƙaimi. In 'yan kallo suka janye, kasuwarsa ta mutu. Shi ya sa shirin ya fi mai da hankali kan sauran 'yan aji, kuma da aka gwada shi an ga cin zali ya ragu.

Ba a ce ka shiga dambe ba. Ga abin da ko ƙaramin yaro zai iya:

1. Kada ka yi dariya, kada ka yi shewa, kada ka ɗauki hoto.
2. In babu haɗari, ka ce, "Bari mana, wannan ba daidai ba ne." In ku biyu ko uku kuka faɗa tare, ya fi tasiri.
3. In akwai haɗari, kamar an zaro wuƙa ko almakashi, ka ruga ka kira malami.
4. Bayan an watse, ka je wurin wanda aka cuta, ka zauna tare da shi, ku tafi gida tare.

Akwai wata kalma da take ɗaure bakin yara da yawa, wato "munafuki". Kowa yana gudun a ce shi ne mai kai gulma. To ka bambanta abu biyu. Mai gulma yana kai magana ne domin ya jefa wani cikin wahala. Mai kai rahoton cuta kuwa yana kai magana ne domin ya fid da wani daga wahala. Na farkon abin ƙi ne, na biyun kuwa taimako ne, har ga shi mai cin zalin, domin an tare shi tun kafin hali ya zame masa jiki.

JIKINKA AMANA NE

Yanzu mun zo wurin da ya fi nauyi a baki, amma dole a faɗa. Kun riga kun karanta a darasin fiƙihu mene ne al'aura. Kun kuma san a cikin Suratun Nur, aya ta 58, an umarci a koya wa yara neman izini kafin shiga wurin manya a lokuta uku: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe tufafi a huta, da bayan sallar isha'i. Ka ga ashe tun yaro yana ƙarami ake koya masa cewa jiki yana da hurumi. Wannan hurumin ba na manya kaɗai ba ne, naka jikin ma yana da shi.

Saboda haka ka riƙe wannan ƙa'ida, ke ma ki riƙe: babu wanda yake da ikon taɓa al'aurarka, ko ya ce ka buɗe masa, ko ya nuna maka tasa, ko ya nuna maka hotunan batsa. Babu shi, ko malami ne, ko kawu, ko yaya, ko maƙwabci, ko mai shagon unguwa. Abin da aka keɓe shi ne uwa ko mai reno da take yi wa ƙaramin yaro wanka, da ma'aikacin asibiti da yake duba ciwo a gaban iyaye. Ku samari, kada ku ce wannan maganar 'yan mata ce. Kun dai ji alƙaluman da muka kawo a sama.

Mai mugun nufi ba ya zuwa da fuskar mugu. A hankali yake bi, hawa-hawa. Zai fara da kyauta: alewa, ko kuɗi, ko katin waya. Sai yabo: "Ke kin fi sauran hankali." Sai ya nemi keɓewa: "Tsaya bayan an tashi, zan ƙara miki karatu," ko "Zo ka kai mini wannan ɗakina." Sai ya gwada taɓa ka kamar da wasa, ya ga ko za ka yi magana. Daga ƙarshe sai sirri da barazana: "Kada ka gaya wa kowa, in ka faɗa babu mai yarda da kai." Duk lokacin da babba ya ce maka ka ɓoye wa iyayenka wani abu da ke tsakaninku, to wannan maganar ita kanta alama ce, kuma ita ce farkon abin da za ka kai gida.

In abu ya taso, abu uku za ka yi. Ka ce "A'a" da ƙarfi. Ka bar wurin, ka nufi inda jama'a suke, ko da ihu ne. Sannan ka gaya wa babban da ka amince da shi a ranar. An koya muku girmama manya, kuma daidai ne, amma babu biyayya a cikin ɓarna. Ƙin amsa kiran mai son ɓata ka ba rashin kunya ba ne.

In kuwa abin ya riga ya faru, ko jiya ko bara, ka ji wannan da kyau: laifin na wanda ya aikata ne, kai ba ka da laifi. Ko ka karɓi kyautarsa, ko ka bi shi da ƙafarka, ko tsoro ya hana ka motsi, duk da haka laifinsa ne. Kuma sauri yana da amfani. In an yi wa yaro ko yarinya fyaɗe, akwai maganin rigakafin cutar ƙanjamau da ake bayarwa a asibiti, amma sai an fara shan sa cikin awa 72, wato kwana uku. Ɓoyewa don gudun abin kunya takan sa wannan dama ta wuce.

KAN HANYA

A watan Disamba na 2021, a birnin Kano, an ɗauke wata yarinya 'yar shekara 5 a hanyarta ta dawowa daga Islamiyya. Wanda ya ɗauke ta shi ne mai makarantar bokon da take zuwa, mutumin da ta sani sarai. Ya nemi kuɗin fansa, ya kuma kashe ta. A watan Yuli na 2022 Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke masa hukuncin kisa. Allah Ya jiƙanta, Ya ba iyayenta haƙuri. Darasin da ke ciki mai ɗaci ne: gargaɗin "kada ka bi baƙo" shi kaɗai bai wadatar ba. Ƙa'idar da ta fi ita ce, kada ka bi kowa, ko ka san shi, sai da sanin iyayenka. Ga sauran:

1. Ku riƙa tafiya a ƙungiya, manya su sa ƙanana a tsakiya, musamman masu tashi bayan magariba.
2. Ku bi hanya ɗaya da aka sani a gida. Ban da yanke ta lungu, ko kango, ko bayan gari.
3. In wani ya tsaya da mota, ko babur, ko Adaidaita Sahu, ya ce, "Babanka ne ya aiko ni," ka koma cikin makaranta, malami ya buga waya gida ya tabbatar.
4. Ka haddace cikakken sunanka, da sunan mahaifinka, da unguwarku, da lambar waya ɗaya ta gida. Wanda ya haddace izu guda, lamba goma sha ɗaya ba za ta gagare shi ba.
5. In ka lura ana bin ka, ka shiga shago ko masallaci ko gidan da ka ga mata da yara, ka faɗi abin da ke faruwa.
6. In masu ƙwacen waya suka tare ka da makami, ka miƙa musu. Ana sake sayen waya, ba a sayen rai.
7. Lambar kiran gaggawa a Nijeriya ita ce 112, kuma kyauta ce.

Haka kuma in ka ga baƙon ido yana zagaya makaranta, yana tambayar yara ƙarfe nawa ake tashi, ko mutum nawa ne masu gadi, kada ka amsa masa. Ka gaya wa shugaban makaranta.

WAYAR HANNU

Ku 'yan manyan azuzuwa, wayar da ke hannunku ita ma hanya ce, kuma ana tare mutane a kanta. Wanda yake hira da ke a Facebook ko WhatsApp yana cewa shi sa'anki ne, ba ki da tabbacin ko wane ne. Kada ki tura hoton da ba za ki so mahaifiyarki ta gani ba, domin abin da ya fita daga wayarki ya fita daga ikonki. In wani ya riga ya sami hoto yana barazanar zai yaɗa in ba a ba shi kuɗi ko wani hoton ba, kada a biya shi, domin biya ba ya sa su daina. Kada kuma a goge saƙonnin, shaida ce. A nuna wa babba. Kai kuma da aka turo maka hoton tozarta wani a zauren hirar 'yan aji, in ka tura gaba ka zama abokin tarayya a cikin zaluncin.

TSAKANIN HORO DA AZABA

Dole mu taɓo wannan ma, da ladabi ga malamanmu. Tarbiyya tana buƙatar horo, amma malaman farko sun sa masa iyaka. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya keɓe fasali guda a cikin Muƙaddimarsa yana bayanin cewa tsanantawa tana cutar da ɗalibi, tana kashe masa zuciya, tana koya masa ƙarya da yaudara don gudun duka. Ya kuma kawo daga Ibn Abi Zaid, mai Risalar nan da kuke karantawa, cewa ko horo ya zama dole kada malami ya wuce bulala uku.

Binciken zamani ma ya nuna ana iya rage duka makaranta ta zauna lafiya. A gundumar Luwero ta ƙasar Yuganda an gwada wani shiri a makarantun firamare 42, rabi aka koya wa malamai da ɗalibai hanyoyin horo ba da duka ba, rabi aka bar su yadda suke. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna cewa a makarantun da aka bari, kimanin yara 49 cikin 100 sun ce ma'aikacin makaranta ya dake su cikin makon da ya wuce, a waɗanda aka yi shirin kuwa 31 ne cikin 100.

Saboda haka dukan da ya fasa jiki, ko ya sauka a fuska ko a ka, ko aka yi shi cikin fushi don huce haushi, ya wuce horo. In ya same ka, kada ka rama, kada ka yi wa malami tsaurin ido. Ka nuna wa iyayenka, su je su ga shugaban makaranta. Kai kuma monita, rubuta sunan masu surutu aka ba ka, ba a ba ka fatar bayan 'yan'uwanka ba.

WA ZA KA GAYA WA?

Tun yau, kafin wani abu ya faru, ka zaɓi manya uku da ka amince da su. Misali mahaifiyarka, da gwaggonka ko kakarka, da wani malami ko malama. Ka sa ɗaya aƙalla ya kasance ba a gidanku yake ba, domin wani lokaci cutar daga cikin gida take fitowa. In za ka faɗa, ka faɗi wane ne, me ya yi, a ina, yaushe. In baki ya yi nauyi, ka rubuta a takarda ka miƙa. In na farko ya ce, "Kai, rufe mana baki," kada ka karaya, ka je wurin na biyu, ka je wurin na uku, har sai an saurare ka.

In kuma abokinka ne ya gaya maka damuwarsa, ya ce ka rantse ba za ka faɗa ba, ka ce masa, "Ba zan yaɗa a aji ba, amma zo mu je wurin Malama tare." Kada ka yi masa dariya, kada ka ce me ya kai shi.

Ku kuma iyaye da malamai da wannan mujalla za ta faɗo hannunku, yaron da ya zo muku da irin wannan magana ya sha kokawa da zuciyarsa kafin ya iso. In aka tare shi da tsawa, ba zai sake zuwa ba. Ku saurare shi har ya gama, ku ce masa ya kyauta da ya faɗa, ku raba shi da wanda ake zargi, sannan a nufi asibiti da hukuma in abin ya kai can. Ku lura da yaron da ya fara ƙin zuwa makaranta haka kawai, ko ya koma fitsarin kwance, ko yake dawowa da kuɗin da ba ku ba shi ba. Rufa wa mai ɓata yara asiri don gudun surutun unguwa, ba shi damar kama wani yaron ne.

TAMBAYOYI

1. Kawo alamomi uku da suke bambanta cin zali da faɗan sa'o'i.
2. Mene ne bambanci tsakanin gulma da kai rahoton cuta?
3. Wani da ka sani ya zo ɗaukar ka, ya ce daga gida aka aiko shi. Me za ka yi?
4. Awa nawa ake da su don fara shan maganin rigakafi bayan fyaɗe?

AIKIN GIDA

Ka rubuta sunayen manya uku da ka zaɓa a bangon littafinka na ƙarshe. Ka haddace lambar waya ɗaya ta gida, ka kuma biya wa ƙanenka har ya riƙe. Ranar da za a dawo makaranta, kowa ya zo da shirin karanto tasa da ka.

Allah Ya tsare ku a gida da makaranta da kan hanya, Ya kuma ba ku ƙarfin zuciyar faɗin gaskiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Wassalamu alaikum.